Ƙaramar Tukunya: Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba da Ta Bar Cin Nama a Maradi

Gidan da abin ya faru

An haifi yarinyar a 2006, ita ce ta huɗu cikin ƴaƴa bakwai. Suna zaune a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Maradi, su goma a gida in an haɗa da kakarta ta wajen uba. Lokacin da abin ya fara tana da shekara 17, tana lise, wato babbar sakandare, a fannin kimiyya. A aji na san ta, uwarta kuma a unguwa, shi ya sa labarin ya zo mini ta bakin kowane ɓangare. Da izininsu na rubuta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan.

Uban ɗan kasuwa ne mai matsakaicin ƙarfi. Yana da shagon kayan masarufi a babbar kasuwa, yana saro kaya daga Katsina da Kano ta iyakar Dan Isa. A ƙauye ya tashi, arewa da gari, kuma yunwar 1984 ta same shi yana ɗan shekara goma. Har yau yakan ba ƴaƴansa labarin yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki don a cire ɗacinta kafin a iya haɗiyewa. Ita kuma uwar, shekarar da ba ta mantawa ita ce 2005, bayan fari da fara sun haɗu sun cinye amfanin daminar 2004, cibiyoyin masu tamowa suka cika a jihar Maradi. Ta yi mako uku a ɗaya daga cikinsu da ɗanta na uku a goye. Yaron ya rayu, shi ne yayan yarinyar da take bi.

Kafin rikicin, ana sa nama a miyar gidan kwana uku ko huɗu a mako. Ban da wannan, uban yana da al'adar shigowa da tsire a takarda bayan isha'i, ya zauna a tabarma ya kira ƴaƴa ɗaya-ɗaya ya miƙa wa kowa da hannunsa. Mutum ne mara yawan magana da ƴaƴa, wannan rabon tsiren shi ne hirarsa da su.

Yuni 2023: mafari

Tun tana ƙarama ba mai zari ba ce a kan nama, takan bar wa ƙannenta kitse da jijiya, amma tana ci. Babbar Sallar 2023 ta faɗo a ƙarshen watan Yuni, gidan suka yanka rago da bunsuru. Kamar yadda ake yi a Nijar, maza su ke banƙare dabba a kan sanduna su jera kewaye da wutar itace tun hantsi har dare, mata kuma su ɗauki wankin kayan ciki, babbakar kai da ƙafafu, da suya. Yayarta ta yi aure kafin azumi, saboda haka a wannan shekarar wankin hanji da tumbi ya faɗo kanta.

Ita ce kuma ke riƙe da butar ruwa lokacin da aka kayar da bunsurun. Wuƙar ta dakushe bayan yankan ragon, ba a sake wasa ta ba, kuma dabbar tana ɗaure a wurin tun farko tana kallo. Yankan ya daɗe. Ta gama wankin kayan cikin duka, sannan ta zaga bayan ɗakin girki ta yi amai. Ranar ba ta ci komai ba sai hura. Kowa ya ce hayaƙi ne da ƙarni, gobe za ta ware.

Ba ta ware ba. Cikin makonni biyu da suka biyo baya ta yi ta bincike a wayarta, ta gano akwai mutane da yawa a duniya da ba su cin nama, har da suna gare su. Da na tambaye ta dalili daga baya, uku ta ba ni: ƙyanƙyami, tausayin dabba, sai maganar lafiya da muhalli. Da kanta ta ce na ukun aro ne daga waya, don ta sami abin faɗa in an tsare ta. Ta yanke wa kanta barin naman dabba da na kaza da kifi, har da fara. Ta bar ƙwai ma a wannan lokacin. Nono kaɗai ta riƙe, don ba ta ga yadda mutum zai rayu a Maradi ba da hura ba.

Yuli zuwa Agusta 2023: ɓoyo

Ba ta gaya wa kowa ba. Da yake kwano ɗaya suke ci da ƙannenta mata biyu, sai ta riƙa tura tsokarta gefensu, su kuwa ba su kai ƙara ba. Matsalar ita ce romo. A girkinmu nama ake fara tafasawa, a ruwansa ake kaɗa kuka ko kuɓewa, don haka cire tsoka bai cire nama daga miya ba. Ta koma gutsurar tuwo daga inda miya ba ta taɓa ba, wato kusan gaya take ci.

Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya. Kasuwar uban ta ja baya sosai, naman miya ya koma sau ɗaya ko biyu a mako, tsiren dare kuma sai a yi kwana goma ba a gan shi ba. Wannan ya ƙara mata sauƙin ɓoyo, amma ya ƙara wa kowace tsoka daraja a idon mai sayenta.

A ƙarshen Agusta ya shigo da tsire, ya fara kiranta kafin kowa saboda ta wuce aji da maki mai kyau. Ta durƙusa ta ce, “Baba na gode, amma ni ba ni cin nama yanzu.” Ya tambaye ta ko ba ta da lafiya. Sai ta faɗi kalmar Faransanci da ta koya, ta ce ita ta zama bejetariyan. Ya ce, “Mi? Wace ɗarika ce wannan kuma?” Yayanta, da nufin ya taimaka, ya ce ai kamar mutanen Indiya ne. Uban ya naɗe takardarsa ya shige ɗaki. Abin da ya shiga kunnensa shi ne masu bautar saniya.

Satumba 2023: tilas

Washegari aka karɓe wayarta. Uban ya kafa doka: tukunya ɗaya ce a gidansa, wanda bai ci abin da ke cikinta ba ya kwana da yunwa. Sau biyu a watan ya zaunar da ita gabansa ya ce ta ci yana gani. Karon farko ta haɗiye tsoka biyu da ruwa, ta fita ta mayar da su. Karo na biyu ta zauna da kwano a gabanta tun magariba har aka yi isha'i tana kuka, sai kakar ta sa baki aka ƙyale ta. Ba a doke ta ba ko sau ɗaya, amma uban ya daina amsa gaisuwarta da suna, sai “lafiya” kawai.

Maganganun da aka fi maimaita mata uku ne. Uban: ta haramta abin da Allah ya halatta. Kakar: ƙoshi ne ya yi mata yawa, tuwon girma miyarsa nama, ita kuwa an ba ta girman ta ƙi. Uwar ba ta cika magana ba, idonta yana kan wuyan hannun yarinyar, inda awarwaro ya fara zamewa.

Oktoba 2023: neman magani, da romon da aka ɓoye

Maƙwabta suka ce ruwa ba ya tsami banza, mutum mai hankali ba ya ƙin nama haka kawai, a bincika ko iska ce ko sammu. Aka kai ta wajen mai ruƙiya sau uku, aka yi mata rubutu na kwana bakwai, aka yi hayaƙi. Ta sha rubutun ba musu. Mai ruƙiyar da kansa ya ce bai ga alamar komai a jikinta ba, duk da haka an ci gaba da turaren.

Uwar ta bi wata hanya. Ta ce wa yarinyar ta tausaya mata, za ta riƙa ɗibar mata miya a asirce kafin a sa nama. A gaskiya kuwa romon take tace mata, wani lokaci ta daka busasshen kifi ta barbaɗa. An yi kwana goma sha biyu a haka, yarinyar tana ci tana godiya, tana cewa miyar Inna ta fi ta kowa. Ranar da ta tsinci ƙaya a bakinta ta ɗaga wa uwarta murya a tsakar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga wannan rana ta daina cin duk wani abu da ya fito daga tukunyar gidan, har shinkafa fara.

Abincinta ya koma abin da kuɗin tara na makaranta zai iya saye: burodi da shayi da safe, garin rogo da sukari da rana, biskit ko ɗan wake jifa-jifa, hura in ta samu. A tsakiyar watan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana huɗu, aka sayo magani a kanti. A watan Yuni nauyinta kilo 54 ne. A ƙarshen Oktoba ta hau sikelin mai awo a kasuwa ta ga 50.

Nuwamba zuwa Disamba 2023: likita

Malamai suka fara lura tana gyangyaɗi a aji, makinta na lissafi ya faɗi. Tana kukan jiri in ta miƙe, da bugun zuciya in ta yi ɗan sauri. A makon ƙarshe na Nuwamba ta faɗi a farfajiyar makaranta. Da yake faɗuwar ƴanmata a makaranta abu ne da aka saba danganta shi da aljanu, kafin a kai ta gida labarin ya riga ta zuwa unguwa.

Wannan karon uwar ta nace sai an je likita. Aka auna ta: kilo 49. Awon jini ya nuna giram 9.8 a kowane desilita. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ta kai shekara 15 kuma ba ta da ciki, in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, daga 8 zuwa 10.9 kuwa matsakaici ne. Majon, wato babban ma'aikacin jinyar da ya duba ta, ya yi tambayoyi har ya gano jinin al'adarta yana da yawa tun da can. Ya ce abu uku ne suka haɗu: zazzaɓin da ta yi, al'adar, da abincin da babu komai a cikinsa sai gari da sukari. Ya ƙara da cewa shayin da take sha da burodi yana hana jiki tsotsar ɗan sinadarin ƙarfen da ke cikin abincin.

Ya rubuta ƙwayar ƙarin jini ta wata uku da maganin tsutsar ciki. Ya gargaɗe ta cewa bahaya zai yi baƙi, ciki zai iya ɗaurewa, kada ta tsorata ta daina. Kada ta sha ƙwayar da shayi ko nono, ta ba da tazarar awa biyu. Uwar ta roƙe shi ya gaya wa yarinyar dole ta ci nama. Ya ce, “Hajiya, in ta ci hanta jinin zai fi saurin dawowa, wannan gaskiya ne. Amma dole ba zan ce ba. Abin da ke dole shi ne ta ci abinci.”

Kowane ɓangare ya ɗauki rabin maganar ya koma gida da ita.

Janairu 2024: zaman zaure

Mutum biyu ne suka sauya tafiyar lamarin, kuma babu wanda yarinyar ta kira a cikinsu.

Ta farko gwaggonta ce, yayar uban, wadda ke zaune a Tsibiri tana sana'ar awara da ƙuli-ƙuli shekara da shekaru. Ta zo duba jiki ta yi kwana biyar. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta ɗora ƴar tukunya a gaban yarinyar, ta sa ta ta zuba kowane abu da hannunta: man gyaɗa, albasa har ta yi ja, daddawar kalwa da ta batso, dakakken ƙuli-ƙuli, tattasai, sannan kuka. Wannan ce miyar farko da ta ci a gidan tun Oktoba. Da daddare gwaggon ta samu ƙanenta, kuma da yake ita ta goye shi, ta iya gaya masa abin da matarsa ba ta iyawa: “Kai da ka tashi gidanmu, sau nawa muka ga nama in ba Sallah ko suna ba? Mu da muka bar shi don babu, wa ya kai mu wajen malam?” Maganar rabin gaskiya ce, don ƙauyen da ba a ganin naman nan cike yake da mata masu ƙarancin jini, kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa haka suke. Amma ta shige shi.

Na biyu limamin masallacin unguwa ne, kuma uban da kansa ya je ya same shi, yana sa ran a zo a tsoratar da yarinyar. Liman ya ce sai ya ji daga bakinta. Aka zauna a zaure, ita tana daga bakin ƙofa.

“Ɗiyata, nama haramun ne?”

“A'a Malam, halal ne.”

“Wanda ya ci ya yi laifi?”

“Bai yi ba.”

“Lada kike nema da barinsa?”

“A'a Malam. Raina ne ba ya so.”

Sai liman ya juya ga uban. Ya ce ayar Suratul Ma'ida da ta hana haramta daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta tana nan daram, haka hadisin mutanen da ɗayansu ya ce shi ba zai ƙara cin nama ba don ibada, Annabi (SAW) ya tsawata musu. Da yarinyar ta amsa da “e” a ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku, da magana ta zama wata. Amma akwai hadisin damo: an kawo shi gaban Annabi bai ci ba, Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci yana kallonsa. Ya kuma tuna masa cewa cin naman layya mustahabbi ne, ba farilla ba.

Bai tsaya nan ba. Da ya ji yadda abin ya faro, ya ce an umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa, malamai kuma sun karhanta yanka wata a gaban wata, don haka abin da ya tayar wa yarinyar da hankali ba baƙo ba ne a addini. Ita kuma ya ce mata laifinta ɗaya ne babba, ɗaga wa uwa murya, ta je ta nemi gafara yau ba gobe ba. Ta je.

Sharuɗɗan da aka tsayar, gwaggo ce ta tsara yawancinsu. Yarinyar za ta yi miyarta a ƙaramar tukunya da hannunta, bayan ta gama aikinta na gida, ba a madadinsa ba. Ranar girkinta za ta dafa miyar gida da namanta, ƙanwarta ta wanke naman ta ɗanɗana gishiri. Uban zai ba da jika ɗaya da rabi, wato sefa dubu ɗaya da ɗari biyar, a mako. Za ta koma cin ƙwai, aƙalla huɗu a mako, ta sha nono kullum. Za a sake awon jini kowane wata uku, in kuma ƙarshen Fabrairu ya zo bai kai 11 ba, uban yana da ikon tayar da maganar. Ba za a ƙara sa mata komai a ɓoye ba. Ita kuma ba za ta ƙara faɗin kalmar nan ta Faransanci a gidan ba, ba za ta yatsina fuska a kan kwanon wani ba. Na ƙarshe, wanda uwar ta ƙara: tuwo ɗaya za su ci da ƙannenta a tabarma ɗaya, miyarta ce kaɗai daban.

Uban bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi, “A gwada.”

Fabrairu zuwa Mayu 2024: gwaji

Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Ta ɗauka wake shi ne amsar komai, ta yi ta cinsa safe da yamma har ciki ya kumbura, ƙannenta suka sami abin tsokana. Gwaggo ta aiko da saƙo a jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan, a kuma riƙa sauyawa. Sannu a hankali abincin ya daidaita: kunun gyaɗa ko hura da safe, shinkafa da wake ko dambu da zogale da rana, tuwon hatsi da miyarta da dare, awara sau uku a mako daga wata mai suya da ta yarda da manta, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, riɗi da aya don tauna.

Babu baƙon abu a cikin wannan jeri, kuma yana da tushe. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, gyaɗa ma haka, waken suya ya fi su. Abin da hatsi ya gaza a wannan fanni wake na cikewa, shi ya sa haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai. Ƙarfen da ke cikin ganye da wake jiki ba ya tsotsarsa kamar na nama, amma bitamin C na taimakawa, don haka ta saba matsa lemun tsami a kwaɗo, ta ci tumatir ɗanye ko gwaiba tare da abinci, ta mayar da shayi can tsakanin abinci da abinci. Inda tsiro ba ya iya komai shi ne bitamin B12. Babu shi a awara, ba a dogara da daddawa a kansa, daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa. Babba na buƙatar maikirogiram 2.4 a rana, ƙwai ɗaya na ba da wajen rabin maikirogiram, kofin madara kuma ɗaya da ɗoriya. Hanta na ajiye shi na shekaru, saboda haka ƙarancinsa ba ya nuna kansa da wuri. Wannan ne ya sa sharaɗin ƙwai da nono ba na wasa ba ne, ko da yake sai da aka sha fama da kakar, wadda ta tashi da camfin cewa yaron da ya saba da ƙwai sata zai koya. Aka kuma sauya mai nono, don na farkon ruwa da garin kuka sun fi nonon yawa.

Awon ƙarshen Fabrairu ya ba da 11.3. Majo ya ƙara mata wata uku na ƙwayar. Uban ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, ya ninke ta ya sa a aljihu. Bayan kwana biyu wayarta ta dawo ta hannun yayanta.

Azumi ya kama a watan Maris, kuma shi ne wata mafi sauƙi a duk tsawon lamarin, don kayan buɗa baki, dabino, kunu, ƙosai, kwaɗo, hura, dama ba su da nama. A watan ne kuma aka buɗe iyaka, kasuwar uban ta fara motsi. Zafin Afrilu ya kawo tasa matsalar: ta saba yin miyar kwana biyu don tattalin gawayi, sai ta fara tsami kafin safiya, dole ta koma yin ƴar kaɗan kullum a kan ragowar garwashin babbar tukunya. Lokacin jarrabawa ta yi sakaci mako guda ta koma burodi, uwar ta ɗora mata tukunyar da kanta, ta kira ta ta tsaya ta ga abin da ake zubawa.

Tuntuɓe mafi girma a gidan biki ya faru, bayan ƙaramar Sallah. Aka miƙo mata faranti ta ce ba ta ci, a gaban dangin uwa. Kafin yamma an ce yanga ce ta ƴan boko, an ce uwarta ta kasa tarbiyya. Uwar ta yi kwana uku ba ta yi mata magana ba. Daga nan suka daidaita a kan cewa a gidan mutane za ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, abin da ya biyo baya tsakaninta da ƙanwarta ne.

Ƙarshen Mayu: jini 12.2, nauyi kilo 52. Aka tsayar da ƙwayar.

Yuni 2024: Sallah ta zagayo

Babbar Sallah ta zo a tsakiyar watan. Tun jajibiri uban ya kai wuƙaƙe biyu aka wasa, kuma da aka zo yanka ya sa aka zaga da dabba ta biyu bayan katanga. Bai ce don wa ya yi ba. Wankin kayan ciki ya koma kan ƙanwarta da wata ƴar maƙwabta. Ita ta daka yaji, ta jera itace, washegari kuma ita ta kai rabon nama gida goma sha ɗaya.

Da aka gasa hanta, wadda ake fara ci, ya yanka ya kira ƴaƴa ɗaya-ɗaya kamar yadda ya saba. Ya kira ta ita ma. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce, “Allah ya maimaita mana, Baba,” ta je ta sa wa kakarta a kwano. Ya gani, ya ci gaba da rabo.

Disamba 2024: inda aka tsaya

Wata shida bayan barin ƙwayar, awo ya nuna 12.1, nauyi kilo 53. Tana ajin ƙarshe tana shirin bak, jarrabawar kammala lise. Ba a auna B12 ba. Ƙaramar tukunyar tana nan, har ƙannenta sukan tsoma loma a miyarta ranar da ta sa ƙuli-ƙuli da yawa. In uban ya shigo da tsire yanzu, akwai ƙullin gyaɗa ko dabino a ɗaya aljihun. “Mai wake” yake kiranta.

Abin da ya ci, abin da bai ci ba, da dalili

Tilas bai ci ba saboda an ɗauki ƙyanƙyami a matsayin taurin kai. Ana iya lanƙwasa mai taurin kai da yunwa, amma wanda zuciyarsa ke tashi, ƙara matsa masa ƙara masa tashin zuciya ne. Ruƙiya da hayaƙi ba su cutar da jikinta ba, sai dai sun ci wata guda da ya kamata a je likita, sun kuma bar mata suna a unguwa. A ganina abin da ya fi kowanne ɓarna shi ne romon da aka ɓoye, duk da cewa shi ne aka yi da mafi tsananin ƙauna. Kafin shi tana cin tuwon gida da shinkafa da wake. Bayansa ne ta koma garin rogo, kuma mafi yawan kilo biyar ɗin da ta rasa a wannan tsakanin suka tafi. Ban ga laifin uwar da ta taɓa kwana a cibiyar tamowa ba in ta tsorata da ramar ɗiyarta, amma sakamakon ke nan.

Ita ma yarinyar tana da nata. Ta yi wata biyu tana ɓoyo, har maganar ta fito a mafi munin lokaci, a kan hannun uba da ya miƙo kyauta cikin shekarar da kasuwa ta mutu. Ta zo da kalmar da ba wanda ya sani a gidan, kalmar ta sa abin ya yi kama da shiga wata ƙungiya, alhali da ta ce “raina ba ya so” tun farko, da ta faɗi abin da kowace kaka ta taɓa ji. Ta kuma ɗauka barin nama cirewa ce kawai, ba ta san akwai abin da sai an mayar a gurbinsa ba.

Abin da ya ci shi ne an raba maganar gida uku, aka kai kowacce wajen mai ita. Tsoron uban na addini ne, liman ya amsa shi da hujjar da zai iya maimaitawa a majalisa ba tare da jin kunya ba. Tsoron uwar na jiki ne, takardar awo ta amsa shi da lamba, ba da alkawari ba. Wahalar tukunya ta biyu kuma aka ɗora ta a kan wadda ta jawo ta. Sharaɗin tabarma ɗaya, wanda ya fi kowanne ƙanƙanta, ina jin shi ya riƙe sauran, don abin da iyayen suka fi ji ba rashin cin naman ba ne, ware kai ne daga kwanon gida.

Kada dai a ba ƙaramar tukunya yabon da ba nata ba. Ƙwayar wata shida ce ta ɗaga jinin daga 9.8, tukunyar riƙe shi ta yi bayan nan. Kuma gidan yana da halin fitar da jika da rabi kowane mako, yana da gwaggo mai awara da liman mai tambaya kafin hukunci. A gidan da ƙwai huɗu a mako ya fi ƙarfinsu, da shawarar majo ta cin hanta ta fi nauyi.

Magana ɗaya ce ba a taɓa ba a zaman zaure, kuma ita ce ke hana uwar barci yanzu. Gidan miji ba gidan uba ba ne: akwai uwar miji da za ta so ganin amarya ta ɗanɗana miyarta, akwai jego da ake cika mai haihuwa da gasasshen nama da romo kwana arba'in. A watan Nuwamba wasu dangin uban daga Tasawa sun fara tambayar ko an yi wa yarinyar miji. Uban ya ce sai ta gama bak. Uwar ta ce mini ba ta gaya musu zancen tukunyar ba tukuna.